Bandejin Bushira

Jega, 9 ga Maris, 1996

Zuwa ga Gwaggona Balkisu, a Maiyama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da ƙafar nan taki mai ciwo. Ina fata kin daina kai ta kasuwa ba da sonta ba.

Mun dawo daga Sakkwato. An yi wa ƙanwata Bushira aikin, an kuma dace. Tana nan ɗakina a gidajen malamai, tana cin abincina tana kushe shi, alamar sauƙi ke nan.

Kin san yadda ake ciki. Shekara huɗu da aurenta a Aliero, duk wata sai ta kwanta tana murƙususu da ciwon mara, haihuwa kuma shiru. Gidan mijinta sun daɗe da gano sunan cutar ba tare da sun je asibiti ba: raki. Inna Laraba, uwar mijinta, ta ce kowace mace tana ciwon mara, su ma sun yi, ba su fasa daka ba.

To, ba raki ba ne. Likitar mace ce, marar yawan magana. Ba ta tsaga cikin ba. 'Yan ƙofofi uku ta huda, ɗaya a gindin cibiya, biyu can ƙasa, kowace ba ta kai faɗin farce ba. Suka hura iska cikin ya buɗe, suka zura wani siririn ƙarfe mai fitila a baki, duk abin da ke ciki ya fito a talabijin. Sunan aikin da Turanci ya fi ƙofofin tsawo, ba zan wahalar da ke da shi ba. Ni ba su bar ni na shiga ba, digirina na ilmin halittu a bakin ƙofa ya tsaya. Amma ta yi mini bayani daga baya. Ta tarar da ƙullutu cike da tsohon jini a jikin ma'ajiyar ƙwai ta hagu, kayan ciki kuma sun manne wa juna kamar an yi musu saƙar gizo. Ta zuƙe jinin, ta ɓare ƙullutun, ta raba abin da ya manne. Mahaifa lafiya lau, hanyoyinta a buɗe. Ta ce Bushira ta huta, kada ta yi daka ko ɗaukar ruwa, ta koma bayan mako shida. Ta ce kuma watannin nan na farko bayan aiki su ne aka fi sa ran samun ciki, da yardar Allah.

Na tambaye ta ko za a ba mu abin da aka cire a kwalba, yadda aka ba Malam Alu tsakuwar mafitsararsa yake nuna wa baƙi har ya rasu. Ta dube ni ta ce jini ne, an zubar. Na ce hoto fa? Ta ce injin nunawa yake yi, ba ya ajiyewa.

Nan damuwata take, Gwaggo. Ciwon da ya ci shekara huɗu ya bar shaidar da ba ta fi cizon sauro uku ba. Mijinta Attahiru hannu kawai ya sa a takarda ya koma gona, ana cirar albasa, bai ga komai ba. Aliero kuwa garin masu ɗori ne. Ciwo a wurinsu shi ne wanda aka jera wa kara aka ɗaure tam. In ta koma da filasta uku, kafin la'asar an miƙa mata taɓarya.

Saboda haka na sayi bandeji mai faɗi, da auduga, da ruwan aidin don launi. Gobe kafin ta shiga mota zan naɗe ta daga ƙirji zuwa ƙugu. Ba ƙarya na ƙirƙira ba. Gaskiya ce na rubuta da manyan baƙaƙe don masu raunin gani.

Ki riƙe wannan a cikinki. Ki gaida kowa.

Taki,
Khairiyya

*

Aliero, 17 ga Maris

Zuwa ga Addata Khairiyya.

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ya makaranta, ya ɗalibai? Lauwali direba na ba wannan, na ce ya miƙa miki hannu da hannu.

Adda, dabararki ta ci. Da munka iso Inna na shara, ko tsintsiyar ba ta aje ba ta biyo ni ɗaki. Tac ce, "To, mu ga abin da anka yi." Na ɗaga riga. Sai tsintsiyar ta faɗi. Ta zauna bakin gado tac ce, "Ashe da gaske kike, ɗiyar nan." Adda, Inna ta yi kuka. Ta ce in yafe mata ranar da ta tura ni rijiya ina dafa bango. Ni ma na yi ta kuka, har na mance tsumma ne a jikina. Ai ciwon ba na ƙarya ba ne. Shekara huɗu nake jiran maganar nan daga bakinta.

Yanzu ko kofi ba a bari in ɗauka. An yanka mini kaza har sau biyu. Tsakar gida cike da albasa, mata na yanke lawashi suna ware ruɓaɓɓu, ni ina kan tabarma da mafici kamar matar hakimi. Faccalata Murjanatu, matar ƙanen maigida, ita ke girkina da nata, da 'yarta Halimatu goye. 'Yan dubiya ba sa yankewa. Kowace sai ta ce a ɗan ɗaga mata riga, ta gani, ta yi salati ta kama baki. Na ce musu likita ta hana kowa taɓawa ko buɗewa. Ni nake sake naɗawa da kaina in na kulle ɗaki.

Maigida sau ɗaya ya dubi ɗaurin ya kau da kai. Washegari ya sayo mini madarar gwangwani da lemu.

Kafaɗar da ke mini ciwo tun bayan aikin ta daina, da gaske iskar da sunka hura ce, yadda likita ta ce. Ƙofofin ma sun bushe. Abin da ke damuna yanzu ƙurajen zafi ne a ƙarƙashin bandejin, ƙaiƙayi kamar in yi ihu. In ina mutsu-mutsu sai Inna ta ce, "Sannu, ɗinkin ne ke ja."

Allah ya saka miki, Adda. Ki aiko mini da hoda.

Ƙanwarki,
Bushira

*

Maiyama, 28 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Khairiyya, malamar makaranta.

Sallama da gaisuwa. Ƙahwa da sauƙi. Takardarki ta iso, na karanta da kaina ba wanda yat taya ni, ko da yake ajin yaƙi da jahilci bai shirya mu ma rubutunki ba, kamar kaji sun bi ta kan takarda.

Ga abin da ke akwai. Jiya mata ukku sunka zo mini jaje daga Andarai. Na ce wa yar rasu? Sunka ce ba rasuwa ba, Bushira. Wai matar wani mai sayen albasa ta je dubiya ta gani da idonta, an tsaga ta daga kwiɓi zuwa kwiɓi an cire mahaihwa.

Na ce ƙarya ta. Sunka dubi juna sunka ce, "Allah sarki, dangi ba su son yarda." Ɗaya har da dafa mini kahwaɗa.

Ke ba ki yi wanga lissahi ba? In anka yi ma mace babban ɗauri a ciki, jariri ake nema a gehenta. In babu jariri, to mi anka hiddo? A ƙasag ga mata biyu muka sani da ɗauri irin wanga ba haihuwa, duk biyun mahaihwa anka cire musu. Kin rubuta da manyan baƙaƙe, sun kuwa karanta, amma ba abin da kinka rubuta ba.

Ban hwaɗa ma kowa sirrin ba. In maganar ta kawo Maiyama, to a Aliero ta tsuhwa. Ki san abin yi.

Allah shi yi muku albarka.

Gwaggonku,
Balkisu

*

Aliero, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Addata.

Bayan gaisuwa. Adda, abu ya lalace, ki karanta a zaune.

Kwanakin nan na lura 'yan dubiya sun canza addu'a. Da "Allah shi ƙara sauƙi" suke cewa, yanzu "Allah shi ba da haƙuri." Ban gane ba sai shekaranjiya da Inna ta shigo ta riƙe hannuna. Tac ce, "Muddin ina raye ba ki zama hannu wofi a gidan ga. Abin da likita ta cire, Allah ya riga ya aje miki madadinshi a tsakar gida." Wai ranar Juma'a ta sama za a yaye Halimatu, kuma maimakon a kai ta wurin kakarta a Gehuru ta yi kwanakin yaye ta dawo, ni za a ba riƙonta. Na har abada. Ni zan tarbiyyantar, ni zan aurar. Ta riga ta gaya ma Yahaya uban yarinyar, shi kuma ba ya musu da Inna.

Na ce, "Inna, wallahi ba a cire mini komi ba, mahaifata na nan." Ta shafa kaina tac ce, "Na sani, ɗiyata. Haka likitoci ke ce ma mutum don kar zuciya ta tsinke." Na rantse, na ƙara rantsewa. Da ina cewa ba ni da lafiya ba ta yarda ba. Yanzu ina cewa lafiyata lau, nan ma ba ta yarda ba.

Murjanatu ba ta tada mini maganar ba. Tana kawo mini tuwo ta ce sannu, idonta a kumbure. Halimatu ce 'yarta ta fari da ta rayu. Jiya na hango ta ta wanke 'yan rigunan yarinyar tana ninkewa a cikin kwalla, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa.

Maigida kuma tausayi ya kore shi. Tun da na dawo a rumbun albasa yake kwana, wai gadi. In ya shigo sai ya tsaya bakin ƙofa ya gaishe ni kamar surukarsa. Da na tuna masa komawa Sakkwato, yac ce, "Mi za ki koma yi, a sake tada miki hankali? Abin da ya wuce ya wuce." Kin tuna abin da likita ta ce kan watannin nan. Suna tafiya, ni ina kwance ina shan madara.

Na san maganin duka. In kwance bandejin. Amma Adda, in na kwance, Inna za ta ga cizon sauronki uku. Da mai raki ce ni a bakinta, ba ta da hujja. Yanzu zan ba ta hujja da hannuna. Za ta janye kukan da ta yi, ni kuwa ban taɓa samun abin da ya kai shi ba a gidan nan.

Ki gaya mini yadda zan yi. Ke kika iya dabara.

Bushira

*

Jega, 5 ga Afrilu

Bushira ƙanwata,

Gaisuwa da fatan ƙurajen sun lafa. Ga hoda nan, ga kuma wani bandeji, rabin faɗin na farko.

Gwaggo ta riga ta wanke ni ta shanya a takarda ɗaya. Na auna abin da mutanen Aliero za su gani, ban auna abin da za su ƙara da kansu ba. A ajina ma haka ne: in na zana kifi a allo, sai an sami mai ganin jirgin sama.

Ga shawara. Ki rage ɗaurin sannu a hankali. Wannan makon rabi, mako mai zuwa kwata, daga nan filasta. Ki ce ɗinkin zamani ne, ramewa yake yi. Mutanen da suka yarda ƙashi yana haɗewa a kwana kaɗan ba za su yi gardamar fata ba. Ni kuma ranar da aka ba mu hutu zan je Sakkwato in karɓo takarda daga likita mai cewa mahaifarki na nan daram, da hatimi babba, don na lura girman abu yana da tasiri a gidanku.

Na san abin da za ki ce: Juma'a ta fi hutu kusa. Haka ne. Sai a bar yarinyar ta zo ɗakinki na ɗan lokaci, in takarda ta iso a mayar. Na rubuta wannan na karanta, ni ma bai yi mini daɗi ba. Ban taɓa ganin an ba da riƙo a gaban dangi an dawo an ce kuskure ne ba.

In kuma kin zaɓi ɗaya hanyar, ki ɗora mini duka. Ki ce 'yar bokon nan ce ta naɗe ki kina cikin mayen allurar barci. Ni dai an gama yanke mini hukunci a Aliero tun ranar da aka gan ni da tabarau, ba abin da zai ƙaru.

Ba zan ce miki ki kwance ba, ba zan ce ki bari ba. Ni na ɗaura, amma ba ni zan kwana a gidan ba. Abu ɗaya na sani tabbas: ƙullutun nan na gaske ne, ko an yarda ko ba a yarda ba. Kuma komawa wurin likita dole ne, ko da sato ki zan yi.

Addarki,
Khairiyya

*

Aliero, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Adda Khairiyya.

Ina gaishe ki. Ga ƙaramin bandejinki nan na maido, ban buɗe shi ba.

Na so in bi shawararki. Har ranar Alhamis ina kan haka. Da hantsi na fito zan zaga, sai na tarar da Murjanatu a bayan ɗaki tana ba Halimatu nono, alhali ba lokacinsa ba ne, yarinyar ma ba ta nema ba, wasa take da shi. Ta gan ni ta yi sauri ta ja zane kamar na kama ta da sata.

Na koma ɗaki na aika a kira Inna, na ce Murjanatu ma ta zo. Na rufe ƙofa, na fara warwarewa. Kin san tsawonsa. Inna na cewa, "Ke, likita ta hana!" ni ina ta warwara har ya taru a ƙasa. Na cire audugar. Na ce, "Ga shi."

Inna ta matso ta duba. Ta zaga ta duba bayana. Tac ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Babu saura, Inna. Ta nan sunka shiga, ta nan sunka yi aikin, ta nan sunka hita."

Tac ce, "Wa yaɗ ɗaura miki wanga?"

Na ce, "Da yardata anka ɗaura." Ban ambace ki ba. Ba don in kare ki ba. Ni na kwanta a cikinsa wata guda ina cin kaza.

Ta tsaya tana dubana. Na ce mata ciwon gaskiya ne, na faɗi ƙullutun da jinin da duk abin da likita ta ce. Ta duƙa ta ɗauki bandejin, ta naɗe shi tsaf a hannunta, ta fita da shi.

Murjanatu kuwa sai ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya, dariyar ta koma kuka, sannan ta share ido tac ce, "Amma ke muguwa ta! Wata guda ina yi miki girki da wanki a kan ƙurji ukku? Wallahi sai kin rama mini, har da ranar sunan ɗana na gaba." Ta rungume ni har sai da na ce mata wurin fa da ɗan saura.

An yaye Halimatu ranar Juma'a, an kai ta Gehuru wurin kakarta kamar kowane yaro. Za ta dawo ɗakin uwarta.

Maigida da ya ji, sai yac ce, "To ni da sauro ya cinye a rumbu, wa za ya biya ni?" Ya maido tabarmarsa. Ya ce zai kai ni Sakkwato ranar da likita ta sa.

Sauran ba daɗi. A gari labari ya juya: wai ba a yi mini aikin komi ba, yawo muka je ni da ke. 'Yan dubiya sun ɗauke ƙafa, wata ma ta aiko a maida mata kwanonta. Ranar Asabar da safe na buɗe ƙofa na tarar da taɓarya jingine a bakin ɗakina. Na ɗauka. Murjanatu na karɓe mini in Inna ba ta kusa.

In na gaida Inna, "lahiya" kawai take cewa, ba ta duban inda nake. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Na san daidai na yi, Adda, ba sai kin gaya mini ba. Amma na koma inda na fito, har na fi da nisa.

Ki gaida Gwaggo in kin rubuta mata.

Ƙanwarki,
Bushira

*

Aliero, 19 ga Afrilu

Adda,

Gaisuwa a gurguje, Lauwali na jira.

Jiya ina tankaɗe ni kaɗai Inna ta zo ta tsaya a kaina, tac ce in shiga ɗaki ta ƙara gani. Ta sa yatsa ta danna gindin cibiyar. Tac ce, "Ko kaɗan ba su sa wuƙa babba ba?" Na ce a'a. "Kuma sunka ga komi?" Na ce komi. "Kwana nawa kika yi kan gado?" Na ce biyu.

Can ta kama hannuna ta ɗora a mararta ta dama. Akwai wani abu a wurin, Adda, mai tauri, na ji shi. Ta ce ya fi shekara goma yana mata nauyi, ba ta gaya ma kowa ba, don ta ga yadda ake dawo da matan da anka tsaga. Ta ce ki tambayi likitar ko fitilar tana ganin cikin tsofaffi. Kada maza su ji.

Ba ta ce ta yafe ba. Amma ta ce ma maigida ya zauna ya ji da albasarsa, ita za ta raka ni Sakkwato ranar Talata. Ki biyo ta nan da motar safe, ki kama mata kujerar gaba, baya na sa ta jiri.

Ta ce kuma in gaya miki: in an yi mata, kada ki kuskura ki ɗaura mata komi.

Sai kin zo.

Bushira